Tafiyar da Har Yanzu Ta ke a Fensir

Mai karatu, kafin ka ce na cika ƙarya, bari in wanke kai na tun da wuri: ban taɓa zuwa Sifen ba, fasfo ɗi na ma ya daɗe da mutuwa a ƙasan akwati. Amma na shafe kusan wata guda ina shirya tafiya zuwa can, ni da iyali na, a kan takarda. Wannan shirin ne kuma ya jefa ni cikin wani tunani da har yau bai sake ni ba. Laifin duk na fim ne.

Wata Juma'a da daddare aka kawo wuta, yaran gida na su ka kunna wani fim ɗin Indiya da na san kai ma ka sha kallon sa, wato Zindagi Na Milegi Dobara, wanda Zoya Akhtar ta bada umarni a 2011. Abokai uku ne, Hrithik Roshan da Farhan Akhtar da Abhay Deol, su ka ɗauki mota su ka ratsa ƙasar Sifen kafin ɗayan su ya yi aure. Daga Basalona su ka fara, su ka yi nutso a teku, su ka je garin da ake jifar juna da tumatir (ni dai a nan ban ga abin dariya ba, don na san kuɗin kwando a 'Yankaba), su ka diro daga jirgin sama, su ka ƙare da tsere da bijimai. Yara sai ihu su ke yi. Ni abin da ya tsaya mani a rai daban ne. Ɗaya daga cikin abokan ashe ba yawo ya kai shi ba, mahaifin sa ya je nema. Sai kuma ita hanyar kan ta: kwalta a shimfiɗe, mota kai a buɗe, rana ta na faɗuwa, ba mai waige, ba mai duba agogo.

Ana gamawa 'ya ta ta fari, Ummi, ta ce, "Baba, mu yaushe za ka kai mu irin wannan yawon?"

Na ce, "Ranar da ki ka tara kuɗin jirgi."

Uwargida ta yi dariya, aka tashi. A wurin su magana ta wuce. Ni kuwa washegari a ofis sai na tsinci kai na ina buɗe taswirar Sifen a kwamfuta.

Akwai dalili. Ni mutumin Moriki ne, a can arewacin Zamfara, kan hanyar Ƙauran Namoda zuwa Shinkafi, aiki ne ya kawo ni Kano. Marigayi mahaifi na malamin zaure ne. Tun kafin in san akwai wata ƙungiyar ƙwallo wai ita Madrid, na san Andalus, don a zauren mu ta ke kwana. Ishiriniyar da ake rerawa a watan Mauludi, mai ita Alfazazi haifaffen Ƙurɗuba ne. Ashafa da ake karantawa da azumi, Alƙali Iyal da ya rubuta ta ya yi alƙalanci a Garnaɗa. Alfiyya ta Ɗan Maliki, wadda ta sa ɗaliban Baba yin gumi a cikin sanyin hunturu, mai ita a Jayyan aka haife shi. Tuhfa kuwa, littafin da alƙalan mu na da su ke ji da shi, Ibnu Asim ne ya tsara ta, shi ma Bagarnaɗe. Duk waɗannan garuruwa su na nan a Sifen ta yau, sunayen ne kawai baki ya ɗan lanƙwasa. Baba ya rasu ya na ambaton su kamar garuruwan ƙetaren gulbi, bai taɓa ganin ko hoton ɗaya ba.

To sai na shiga zane. Mu sauka Madrid, mu ɗauki hayar mota, mu kwana a Ɗulaiɗula, wadda su ke kira Toledo. Daga nan mu gangara Ƙurɗuba mu ga babban masallacin da Abdurrahman Addakhil ya fara ginawa wajen shekarar 785, wanda aka maida coci bayan Kiristoci sun karɓi garin a 1236, amma ginshiƙan sa da bakunan sa masu ja da fari su na nan. Sai Ishbiliya, tafiyar kilomita wajen 140, inda hasumiyar masallaci ta zama hasumiyar ƙararrawa. Mu rufe da Garnaɗa da fadar Alhamra, inda mulkin Musulmi ya ƙare a 1492, bayan an faro shi tun shigar Ɗariƙu bin Ziyad a 711. Har na gano cewa ita Alhamra ba a zuwa mata kai tsaye, sai ka sayi tikiti tun da wuri, an rubuta maka ranar shiga da lokacin shiga. Na ce kai, waɗannan mutane sun iya cin abinci da kufai.

Lissafi ne ya farkar da ni. Tun 2024 kuɗin neman bizar Turai Yuro 90 ne ga babba, 45 ga yaro ɗan shekara 6 zuwa ƙasa da 12. Mu biyar ne: ni, Uwargida, Ummi, Halifa mai shekara 13, da Auta mai 7. Yuro 405 kenan kafin ma a ce an ba ka ko an hana ka, kuma in an hana ba a maido maka ko sisi. Ba a zo maganar jirgi ba, ba a zo masauki ba. Na ninke takardar na sa a aljihu, na ce Allah ya ba mai rabo sa'a.

Da daddare ina nuna wa yaran hotunan don su rage zafi, sai Halifa ya yi tambayar da ta fi ƙarfin shekarun sa. Ya ce, "Baba, mu ba mu da irin waɗannan tsofaffin garuruwan ne?"

Wallahi sai na ji kamar an watsa mani ruwan sanyi. Yaron da kakannin sa su ke kwance a ƙasar Zamfara, ya san sunan filin wasan Basalona da yawan mutanen da ya ke ci, amma bai taɓa jin kalmar Alƙalawa ba. Kuma ba laifin sa ba ne. Rabon su Ummi da Moriki shekara takwas. Auta bai taɓa taka ta ba. Mahaifiya ta, Inna, sau biyu ta taɓa ganin sa: ranar suna, da wani zuwa da ta yi asibitin ido. In aka tambaye shi a makaranta ɗan ina ne, Kano ya ke cewa, kuma in na ce "mi kaka so?" dariya ya ke yi, wai Baba ya na Hausar kaset.

A daren na ɗauko takarda ta biyu. Wannan karon ban buƙaci kwamfuta ba, hanyar a kai na ta ke.

Mu tashi daga Kano da asuba mu bi ta Kazaure mu shiga Daura, yara su leƙa rijiyar Kusugu, su ga inda labarin Bayajida da macijiya ya ke da mazauni, su daina ɗaukar sa tatsuniyar littafin firamare. Mu kwana Katsina, da safe mu je hasumiyar Gobarau. Daga nan ne ainihin tafiyar za ta fara: Jibiya, Gurbin Ɓore, Zurmi.

Ka yi mani haƙuri in ɗan daɗe a nan, don nan ne zuciyar maganar. Mutane da yawa in an ce Zamfara, jihar da aka ƙirƙira a 1996 kawai su ka sani, sai kuma labarin da su ke ji a rediyo. Alhali Zamfara tsohuwar daula ce, kuma a ƙasar Zurmi cibiyar ta ta ke. Akwai wani gari ana ce da shi Dutsi, nan ne gargajiya ta ce sarakunan Zamfara na farko su ka zauna. Akwai wasu dogayen kaburbura a can da ake cewa nasu ne, wai mutanen da ne, samudawa. Ina yaro wani kawu na ya kai ni a bayan keke, na tsaya a kan ɗaya ina auna shi da taki, na ƙirga na ɓata na sake. A jerin sarakunan nan har da mace, 'Yargoje, wadda har yanzu ake ba da labarin ta. Ka ga da 'yan fim ɗin mu za su waiwayo, ga sarauniya nan a ajiye ba wanda ya taɓa, an bar mu da Amina kullum.

Daga baya Zamfarawa su ka gina Birnin Zamfara, can wajen Isa ta yanzu. Gobirawa su ka zo masu baƙunta, aka ba su wurin zama, ƙarshe a tsakiyar ƙarni na 18 Sarkin Gobir Babari ya ci birnin da yaƙi, ya kafa nasa a kan gonakin Alƙalin Zamfara. Shi ya sa ake ce masa Alƙalawa. Nan Bawa Jan Gwarzo ya yi mulki. Nan kuma dakarun jihadi su ka ci a 1808, Sarki Yunfa ya faɗi. Cikin waɗanda su ka yi wannan yaƙin har da Namoda, Ba'alibe daga Zurmi, wanda Ƙaura ta ke amsa sunan sa. Kafin wannan yaƙin, Shehu Usmanu da kan sa ya yi shekara wajen biyar ya na wa'azi a ƙasar Zamfara, ya zauna a Faru. To ka duba: birni ya ci birni, wani ya zo ya ci wanda ya ci, masu gari sun zama baƙi, fada ta zama gona. Me Garnaɗa ta fi mu da shi in ba dutse da siminti da masu share wuri ba? Namu da ƙasa aka gina, damina ta cinye, saura tudu da kaburbura da bakin tsofaffi.

Don haka na zana: Zurmi da Dutsi yini guda. Sai Ƙaura, su ga ganuwar Kiyawa, su ga tashar jirgin ƙasa, ƙarshen layin dogon da ya taso daga Zariya ya iso a 1929 don kwasar gyaɗa da auduga. A tashar nan na fara ganin jirgi, na riƙe rigar Baba gam da ya yi kuka. Daga Ƙaura sai gida. Kwana uku na ware wa Moriki: su gaida Inna, su ziyarci kabarin kakan su, su ga ƙofar fadar Sarkin Burmi, su shiga fadama su ga yadda ake ban ruwa, su ci hoce da zafin sa. Ranar Alhamis mu ci kasuwar Shinkafi, wadda a da har daga Nijar da kudu ake zuwa mata. Mu wuce ta Badarawa mu shiga Isa, in sa masu Narambaɗa a mota, su ji shi a ƙasar da ya yi wa Sarkin Gobir na Isa waƙa, ko sa gane abin da ya sa Baban su ya ke yin shiru in an sa Bakandamiya. Sai Sabon Birni da kufan Alƙalawa, sai Wurno inda Sarkin Musulmi Bello ya ke kwance tun 1837, mu ƙare a Hubbaren Shehu a Sakkwato.

Kwana goma. Ba biza, ba Yuro, ba mai tambayar ka takardar banki. Har man da za mu sha na lissafa, duk da yadda ya yi tsada tun cire tallafi a 2023, na ga in na haɗa da kuɗin adashen da zan ɗauka zai isa. Na rubuta abin da za a duba a mota: taya, birki, fanbel, safaya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Da na gama sai na lura da wani abu da ya ba ni dariya. Ashe ba ni na fara zana wannan hanya ba. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda ya kira kan sa Abdulkarim, kusan ita ya bi a 1853: daga Katsina ya biyo ta Zurmi da Dutsi da Badarawa da Isa, ya ratsa dajin Gundumi ya je ya sadu da Sarkin Musulmi Aliyu Babba. Kafin shi Clapperton ya bi ta Zurmi a 1824. Na yi murna, na ce ga abin da zan riƙa ba yara labari a mota. Sai da na sake karantawa murna ta koma ciki. Shi Clapperton sai da Sarkin Musulmi Bello ya aiko mahaya su ka yi masa rakiya. Shi kuwa Barth, a Gundumi sun yi fiye da kwana guda cur su na tafiya ba su yada zango ba, don tsoron mahara. Shekara 170 da ɗoriya kenan. Na ajiye littafin na daɗe ina kallon silin.

Don na san abin da na ke ta kauce wa tun da na ɗauki fensir. Kai ma ka sani.

Na kira ƙane na da ke zaune a gida. Na karanta masa tsarin tun daga Daura, ya na ta "to, to, madalla." Ina cewa Jibiya zuwa Zurmi sai ya yi shiru. Can ya ce, "Yaya, da ɗiyan za ka biyo ta nan?"

Na ce, "Da rana fa, tsakar rana."

Ya ce, "Su ma da rana su ka hitowa."

Na ja layi a kan Gurbin Ɓore. Da ita Dutsi ta tafi, don ya ce ko su da ke kusa ba su zuwa sai dole. Na ce to Shinkafi zuwa Isa fa? Ya ce wata rana lafiya lau, motoci su wuce kamar ba komai, wata rana kuma a wayi gari ba mai fita, kuma ba wanda zai faɗa maka wace rana ce wacce. Wannan shi ne abin da wanda ba ɗan yankin ba ya kasa ganewa. Ba kullum ake tare hanya ba. Mutane su na zuwa kasuwa, ana ɗaurin aure, ana kai amarya. Amma kowace fita caca ce, kuma kowa ya san wani da ta ci.

Sauran ban ma tsaya tambaya ba, don ina da rediyo. Na tuna watan Satumba na 2021 da aka katse layukan waya a Zamfara aka rufe kasuwannin mako, mu ka yi makonni ba mu ji muryar Inna ba, sai dai saƙon baki ta hannun direbobi kamar zamanin da. Na tuna Disambar wannan shekarar da aka ƙone matafiya a cikin mota a ƙasar Sabon Birni. Na tuna 2024 da aka sace Sarkin Gobir na Gatawa a kan hanyar sa ta komawa gida daga Sakkwato, ya rasu a hannun su. In sarki da rawanin sa bai tsira ba, ina ga malamin ofis da tsohuwar mota da 'ya budurwa a kujerar baya? Ita kan ta Moriki an sha aza mata harajin miliyoyi, gida-gida aka bi aka tara, har da kuɗin da na aika. Na ja layi a kan Isa, na ja a kan Alƙalawa. Takarda ta koma kamar jarrabawar yaron da bai yi karatu ba.

Saura guda ɗaya na ƙi taɓawa: Ƙaura zuwa Moriki. Tafiya ce da ba ta kai awa guda ba. Na ce ko me za a yi sai yaran nan sun taka gidan uban su.

A nan mu ka haɗu da Uwargida. Ita Bakanuwa ce, kuma tsakani da Allah ba ta taɓa raina garin mu ba, ta yi wankan jegon Ummi a ɗakin Inna. Ta bari sai da yara su ka kwanta, ta zo ta zauna ta ce, "Abban Ummi, ni ban hana ka zuwa ba. Ka je, ka kwana goma in ka so. Amma ban da su."

Na hau faɗa. Na ce mutane nawa ne su ke zaune a can da 'ya'yan su? Su ba 'ya'ya ba ne? Ƙane na 'ya'yan sa shida, a can su ke kwana su ke tashi. Na ce so ki ke su tashi ba su da asali, in na mutu a rasa mai nuna masu ƙofar gidan mu? Na faɗi maganganu da dama, wasu ma ba su da daɗin maimaitawa a mujalla.

Ta bar ni na gama. Ta ce, "Su can su ke, ba su da yadda za su yi. Kai kuwa ɗauka za ka yi ka kai. In wani abu ya faru, wa za ka ce ya aike ka?"

Ban amsa ba. Kwana biyu mu na gaisuwar maƙwabta. Abin da ya fi ci mani rai shi ne na san ta fi ni gaskiya, ni ma kuma ba ƙarya na faɗa ba. Kuma akwai wata kunya da ban iya faɗa mata ba: yadda zan dubi ƙane na, wanda ya ke noma gonar Baba a cikin wannan hali, in ce masa ƙasar da nasa 'ya'yan su ke wasa a kai ta yi wa nawa haɗari. Mu da mu ka fito birni mu na da wannan ciwon, ba mu dai cika faɗa ba. Mu na aika kuɗi, mu na yin waya, mu na rubuta "Allah ya kawo sauƙi" a Facebook, amma an fara yi mana kallon baƙi, kuma mun san mun ci a yi mana.

Na yanke shawarar kai ƙara wurin Inna, ina da tabbacin za ta goya mani baya. Wace kaka ce ba ta son ganin jikoki a tsakar gidan ta? Aka kai mata waya. Bayan gaisuwa na zayyana mata komai, har da ɗan ƙarin gishiri a kan taurin kan surukar ta.

Ta ce, "Ka gama?"

Na ce na gama.

Ta ce, "Matar ga taka ta hi ka hankali. Kak ka kawo man ɗiya nan. In kun taho ba ni barci, in kun tahi ba ni barci har ku kai. Mi ar ribata?"

Na ce, "Inna, to Auta fa? Bai san gida ba."

Ta ce, "Gida na nan, ba ya zuwa ko'ina. Ni ce ba ni da tabbas." Ta ɗan yi shiru, ina jin kukan awaki a bayan ta. Sannan ta ce, "Ka ce har Hubbare za ku?"

Na ce da haka na so.

Ta ce rabon ta da Hubbare tun da ran Baba, shekarar da su ka je a bayan a-kori-kura ita da matan unguwa, su ka yi ziyara wurin Shehu da Nana Asma'u, su ka sayo turare da tasbaha. Ta ce in dai da gaske na ke, ita za ta fito. Tsohuwa ɗaya a cikin motar haya ba ta ɗaukar ido kamar baƙuwar mota mai lambar Kano cike da yara masu takalma. Ƙane na ya rako ta Ƙaura, daga nan su wuce Gusau, mu haɗu a can gidan wata 'yar'uwar mu, mu ɗunguma Sakkwato tare.

Na ce, "Inna, ke ma ai hanyar ce za ki biyo."

Ta ce, "Ni na ci nawa. Kuma ni na ce zan hito, ba kai ka aike ni ba."

Ka ji fa. Kalmar da Uwargida ta ɗaure ni da ita, da ita Inna ta kwance ni, alhali ba su yi shawara ba. Ko da yake wa ya sani, mata ne, wataƙila sun yi.

Yanzu ga yadda takarda ta uku ta ke. Mun raba tafiyar biyu. Daura da Katsina za mu yi su daban a ƙarshen mako guda, mu je mu dawo. Babbar kuwa ta Zariya da Funtuwa za mu bi mu shiga Gusau, mu ɗauki Inna, mu wuce ta Talatar Mafara zuwa Sakkwato. Kada ka ɗauka ita wannan hanyar aljanna ce, tsakanin Funtuwa da Tsafe ma sai da addu'a. Dokokin da mu ka sa wa kan mu su ne na kowane matafiyi a yau: ba fita kafin rana ta ɗaga, ba tafiya bayan la'asar, a bi ayarin motoci, a tambayi direbobin tasha kafin a tashi, in an ga motoci sun daina tahowa daga gaba a tsaya. Wurno na bar ta da alamar tambaya, sai mun je Sakkwato mun ji ta bakin mutanen gari. Mota cike za ta yi, mu shida, Auta a cinyar kakar sa. Na fasa sa Narambaɗa ma, na ce Inna ce kaset ɗin mu. Ita ta san wace rijiya ce ba ta ƙafewa a Moriki, wa ya auri wa, wace shekara aka yi fari har aka ci abin da ba a ci. Na sayi sabon katin waya na ba Ummi, aikin ta ta ɗauki muryar duk abin da tsohuwar ta faɗa daga Gusau har Hubbare. Ta ce za ta rubuta littafi da shi. Na ce ki dai fara ɗauka tukuna.

Takarda ta biyu ban yar ba. Da fensir na yi ta, layukan da na ja ma da fensir ne, ta na cikin Ishiriniyar Baba tare da ta Sifen. Rannan na tarar da Halifa ya ɗauko ta ya na bi da yatsa, ya na haɗa baƙi: Dut-si, Ba-da-ra-wa, Al-ƙa-la-wa. Ya ce wanne ya fi nisa, Alƙalawa ko Garnaɗa? Na buɗe baki zan ce Garnaɗa mana, sai na ga ban da tabbacin wacce zai riga gani. Na ce ya je ya yi alwala an kusa kiran magariba.

Mota ta na wurin bakanike, ya ce fanbel ne da bushin, jibi zan karɓo. Inna ta aiko a tambaye ta lambar takalmin Auta, na ce mata ba a kai wa ɗan birni takalmi daga ƙauye, ta ce ba da ni ta ke ba. Ta sa an fara daka mata dawar hoce. Ranar tashi kuwa, mai karatu, ka yi haƙuri, ko a waya ba mu faɗin ta. Ni da ƙane na mun yi da shi in ya ce "an kai awaki kasuwa," to sun fito.